Magenmu ta kama ɓera, 'yata ta ƙwace shi, yanzu gida ya rabu biyu

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kar ki min dariya. A Makka muke zaune, gidanmu a gindin dutse yake. Jiya bayan isha'i magenmu ta sauko daga saman bene da ɓera a baki tana wasa da shi a tsakar falo, sai 'yata mai shekara 9 ta yi kanta da tsintsiya ta ƙwace shi, har magen ta yakushe ta a bayan hannu. Ɓeran ba irin na kicin bane, ja-ja ne kuma gashin bayansa da tauri. Yana numfashi amma ƙafa ɗaya ta baya baya taka ta, ga ɗan jini a gefen ciki. Ta saka shi a kwalin takalmi ta zuba masa madara, ta ƙi cin abinci wai sai ya warke. Babanta ya ce ɓera fasiƙi ne ko a harami kashe shi ake yi, in ya dawo aiki yau zai gama da shi. Surukata Hajiya kuma ta ce mun shigo mata da najasa gida. Ni kuma ga ciki wata 5, yarinyar tana ban tausayi, ɓeran ma wallahi tausayi yake ban, amma ina tsoron cuta. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Babu dariya a nan, Allah ya raya miki wannan yarinya ya ƙara mata taushin zuciya, ke kuma Allah ya sauke ki lafiya.

Kafin mu zo kan ɓera, hannun yarinyar nan tukunna, shi ne abun da yafi tsaya min a rai a duk saƙon naki kuma ke a tsakiyar magana kika jefa shi kamar ba komai ba. In baku wanke ba ki kaita famfo yanzu, sabulu da ruwa mai gudu, ki daɗe kina wankewa kamar minti 15, ba shafa ruwa kawai ba. Sannan ki duba da kyau a wajen haske, yakushi ne kawai ko akwai inda haƙori ya shiga, dan yara in suna tsoron faɗa sai su ce yakushi alhali cizo ne, ki tambaye ta a hankali ko ɓeran ma ya cije ta lokacin da take ɗaukarsa. Cizon mage ramin ƙarami ne amma yana da zurfi, kuma cikin kwana ɗaya yake iya kumbura ya yi ja ya ɗau zafi. In akwai hudar haƙori, ko wajen ya fara ja, ko baki tabbatar rigakafinta na tetanas ya cika ba, ko ita magen bata taɓa ganin allurar rigakafi ba kuma tana yawo cikin magunan unguwa, toh ku je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, yau. Na san wasunmu na jin nauyin zuwa asibiti saboda kuɗi ko takarda, toh ko 937 ki kira, layin ma'aikatar lafiya ne, likita zai saurare ki ya faɗa miki ko abun na zuwa ne. Kar ki ɓata lokacin zuwa saidaliyya, wato kantin magani, neman antibayotik kai tsaye, tun 2018 aka tsaurara dokar hana sayar da shi babu takardar likita. Kuma ki sa mata ido har sati 3, in zazzaɓi ya zo da ciwon gaɓoɓi ko ƙuraje ki faɗa wa likita zancen ɓera da bakinki, dan shi ba zai kawo hakan a ransa ba in ba'a faɗa masa ba.

Sai ke. Mai ciki bata taɓa ɓera, bata taɓa kashinsa, bata canja masa shimfiɗa, ko da safar hannu ne ki bar wa wani. Akwai wata ƙwayar cuta da ɓeraye ke ɗauka a fitsari da yawu da kashi, likitoci na ce mata LCMV, babba mai lafiya sau da yawa ɗan zazzaɓi kawai zai yi ko ma ba zai ji komai ba, amma tana iya ratsawa ta taɓa ƙwaƙwalwa da idon jaririn da ke ciki. Ba kowane ɓera ke da ita ba, amma wa zai gwada miki wannan? Na san mu da muka fito daga can gida da an ce ɓera Lassa ke zuwa mana a rai, wannan zazzaɓin da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Shi wani irin ɓera ne ke yaɗa shi a Afirka ta Yamma, ba cutar ƙasar nan bace, dan haka ki cire wannan daga ranki. Amma sauran cututtukan fitsari da kashin ɓera basu san iyakar ƙasa ba.

Toh yanzu kwalin. Ki sa babanta ko wani babba ya sa safar hannu, in babu ya zura hannu cikin leda biyu, a fitar da shi daga kwalin takalmin nan, dan in ya ɗan farfaɗo cikin dare ɗaya zai gwigwiye kwali ya shige bayan kabad ya mutu a can, kinga an koma neman inda wari ke fitowa. Bokitin roba mai zurfi ko babbar roba mai murfi da aka huhhuda da ƙusa mai zafi ta fi. A yayyaga tishu a zuba a ƙasa, banda auduga banda tsumma mai zare saboda yana naɗe musu ƙafa. Kar a ɗaga shi ta wutsiya. Yadda kika kwatanta shi, ja-ja mai gashin baya kamar ƙaya, ɓeran dutse ne wanda ke zama cikin duwatsun Hijaz, kuma irinsu fatar wutsiyarsu saɓulewa take yi a hannun mutum da an riƙe, haka Allah ya yi su dan su kuɓuce wa maƙiyi. A tura shi a hankali cikin kofi ko a haɗa shi da tishun a ɗauka.

A zubar da madarar nan, madarar shanu gudawa take sa su. Ruwa kaɗan a murfin gora, yankan kokwamba ɗaya, ɗan gero ko alkama ko ɓarɓashin burodi, shikenan. Kar kowa ya ɗura masa ruwa a baki da sirinji ko cokali, dabbar da ke cikin firgici ruwan huhu yake wucewa, mutane da yawa da tausayinsu suke ƙarasa irin waɗannan ƙananan. Kar a shafa masa Dettol ko turare ko man zafi, kar a jiƙa masa Panadol. Halitta ce da nauyinta bai wuce na dabino 'yan ƙwarori ba, wane awon magani zaki yi masa a gida? In jinin ya tsaya a bar wajen haka nan.

Inda za'a ajiye shi yana da muhimmanci fiye da abincin ma. Ba kicin ba, ba ɗakin da kike kwana ba, ba gaban mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ba dan sanyi na kashe mai rauni da wuri, kuma ba saman bene ba dan kin san ranar Makka, kafin azahar ta dafa shi a cikin roba. Wani lungu mai duhu da shiru, kamar ƙarƙashin matakala ko sito, inda mage bata shiga. In jikinsa da sanyi a zuba ruwan ɗumi a ƙaramar gora a zura ta cikin safa a jingina a gefe ɗaya na robar ta waje, yadda in zafi ya dame shi zai ja jiki ya matsa. Sannan a ƙyale shi. Wannan ne zai fi yi wa 'yarki wuya, dan ita so take ta buɗe duk bayan minti 5 ta shafa shi ta yi masa magana, shi kuwa a wajensa babu bambanci tsakanin hannunta da bakin magen, duk wani ƙaton abu ne ya zo cinye shi. Zuciyar ɓera ko yana zaune lafiya bugawa take kusan sau 500 zuwa 600 a minti ɗaya, ina ga an ƙara masa tsoro. Ki ce mata leƙe sau biyu a rana, da ido, babba na tsaye, sai wanke hannu.

Yanzu kuma maganar da nasan ba ita kike son ji ba. Mafi rinjayen zato ɓeran nan ba zai tashi ba. Ba ƙafar bace matsalar, jinin da kika gani a gefen ciki ne. A bakin mafi yawan maguna, har masu ƙoshin lafiya da ke kwana kan kujera, akwai ƙwayar cuta mai suna Pasteurella, haƙorin mage kuma siriri ne mai tsini, yana shiga ya ajiye ƙwayar can ciki sai fata ta rufe a kai, daga waje kiga ɗan ɗigo kawai. Ƙaramar dabba in bata samu antibayotik da wuri ba cutar na shiga jini, cikin kwana 1 zuwa 3 sai a wayi gari ta mutu. Abun da ke ruɗa mutane shi ne sau da yawa washegari sai ya warware, ya ci abinci, ya goge fuska da hannuwa, kowa ya ce alhamdulillahi ya warke, jibi a tarar da shi a sandare. Ki shirya ranki, ki shirya na yarinyar tun yanzu.

Hanyar da zata iya ceto shi da gaske ɗaya ce, likitan dabbobi, kuma yau ba gobe ba. Akwai asibitocin dabbobi masu zaman kansu a Makka da Jidda, sai dai aikinsu ya fi yawa kan maguna da tsuntsaye, ba kowanne zai karɓi ɓeran daji ba, dan haka a kira waya a tambaya kafin a ƙona mai. In maigida na da hali kuma ransa ya so, babu laifi, ko maganin ne a bashi ko likita ya yi masa allurar da zai tafi babu wahala. In kuma babu hali, kar ki ɗora wa kanki laifi ko kaɗan, kuma kar ki matsa wa mutumin da ke fama da kuɗin haya da sabunta iƙama (takardar izinin zama) ya kai ɓera asibiti, rigimar da zata biyo baya ta fi ɓeran girma.

Akwai alamun da in an gansu jira ya zama azabtarwa. In ƙafafun baya duka biyu yake ja, ƙashin baya ne ya karye. In ciki a buɗe yake, ko yana numfashi da baki a hangame, ko jini na fita ta hanci, ko ya kwanta ta gefe jiki ya yi sanyi baya motsawa ko an taɓa robar, toh wannan kam abun da babanta ya ce zai yi shi ne tausayin. In kuwa ƙafa ɗaya ce kawai, yana zaune a tsugune, yana motsa hanci, yana taɓa abinci, ni shawarata a bashi kwana 3 a lungunsa, babu abun da zai rage wa kowa.

Maganar maigida gaskiya ce, kar ki yi musu da shi a kanta. Hadisi ne ingantacce na Nana A'isha a Bukhari da Muslim, dabbobi biyar fasiƙai ne ana kashe su har a cikin harami, hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo. A garin da ba'a farauta, ba'a korar tantabara dan wasa, ba'a cire ciyawar da ta fito da kanta, amma aka ware ɓera aka ce shi ba ya cikin wannan kariyar, kinga ba ƙaramar magana bace. Dalilin ma a fili yake, ɓarna. Har umarni ya zo a kashe fitila in za'a kwanta saboda ɓera na iya jan lagwani ya ƙona gida da mutanensa, yanzu kuma wayar wuta yake ci, duk ɗaya ne. Dan haka in ya kashe shi bai yi zunubi ba, kuma kar a bar yarinya ta tashi da tunanin babanta azzalumi ne.

Amma ita ma 'yar taki da nata hadisin ko bata sani ba. Mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa, sahabbai suka tambaya ashe muna da lada a kan dabbobi, aka ce musu akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Sannan hadisi na 17 a Arba'una da muka haddace a islamiyya, Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in zaku kashe ku kyautata kisan. Nan ne nake ganin mu Hausawa muke da gyara, dan Allah ya gani yadda muke wa ɓera a gidajenmu babu kyau. A zuba masa tafasasshen ruwa, a watsa masa kananzir a kunna ashana yara na tafi, a nutsar da shi a bokiti, ko wannan gam ɗin da ake sayarwa a shagunan kayan araha na abu riyalen wanda ɓera zai manne ya kwana biyu yana kuka yana yage fatarsa. An bamu izinin kashewa, ba'a bamu izinin wannan ba, wuta ma hani ne ya zo a kanta kai tsaye, babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Kuma kar wani ya ce a mayar wa magen ta ƙarasa aikinta. In ta kama a kashe, maigida ya fita da shi waje, a cikin leda ko tsumma, duka ɗaya mai ƙarfi a ka da abu mai nauyi a kan dandaɓe, ya tabbatar ya mutu, yarinya bata wajen.

Wani ɗan ƙarin bayani tunda a Makka kuke, ko da wata rana magen zata kawo wani abun daban. In kika ga mai dogayen ƙafafun baya da ke tsalle, da tuntu a ƙarshen wutsiya, wannan jarbu'a ne, shi ba ya cikin biyar ɗin nan, dabbar farauta ce, har Sayyidina Umar ya yanke fansar 'yar akuya ga mai harami da ya kashe shi kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Irin wannan sakinsa ake yi. Naku dai ɓera ne, na dutse ne kawai.

Yadda zaki tunkari maigida, kar ki bari sai ya shigo gida a gajiye ya tarar da kuka. Ki tura masa saƙo tun yana wajen aiki, ki ce masa Baban wance maganarka gaskiya ce na yarda, alfarma nake nema saboda yarinyar nan, in ka dawo ka duba shi da kanka, in ya yi nisa ka hutar da shi a ɓoye, in da sauransa ka bamu kwana 3. Kin bar hukuncin a hannunsa, kuma da ma shi kaɗai ne zai iya taɓa robar tunda ke an hana ki. Maza da yawa da ke cika baki a kan irin wannan in suka leƙa suka ga abun na rawar jiki a lungu su ma jikinsu sanyi yake yi, sai dai ba zasu faɗa ba.

Hajiya kuwa kar ki ja da ita, kar ki kawo mata fiƙihu. Eh a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai jikinsa mai tsarki ne, mushe ne najasa, amma in kika faɗa mata haka da bakinki sunan da zaki samu daban ne. Kuma in aka bar zancen najasa aka koma zancen ƙazanta da cuta ai tana da gaskiyarta. Ki ce mata Hajiya kin yi gaskiya an fitar da shi daga ɗaki, a wanke inda magen ta yi wasa da shi a gabanta, sauran bayanin ɗanta ya yi mata. Wankin ma ba da tsintsiya za'a fara ba, busasshen kashin ɓera in aka share shi ƙura yake tashi a shaƙa. A haɗa Clorox, wato ruwan bilic, kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa wajen, a bar shi minti 5, a goge da tishu a ƙulle a leda, taga a buɗe, kuma ba ke zaki yi ba. In kafet ne a wanke da sabulu da ruwan zafi dan Clorox zai cinye launin.

Sai ita uwar gayyar. Dan Allah kar ki mata ƙarya. Na san abu mafi sauƙi shi ne a jira ta yi barci a yar da shi, da safe a ce ya warke ya tafi wajen mamarsa. Mai shekara 9 ba jaririya bace, zata gane, ko ƙaninta ya faɗa mata, ko ta ji Hajiya na ba maƙwabciya labari, daga ranar kuma duk abun da kika ce mata sai ta auna shi. Ki zaunar da ita ki ce mata abun da kika yi Allah na so, kuma an riga an rubuta miki ladarki ko ya rayu ko ya mutu, amma haƙorin mage na da ƙwayar cuta kuma ƙila ba zai tashi ba, in ciwon ya yi masa yawa Baba zai hutar da shi dan kar ya yi ta wahala. Zata yi kuka, ki barta ta yi, kar kowa ya ce mata kukan ɓera kike yi dan kin rasa abun yi, ki tsawatar wa yayyenta in suna tsokanarta. Zancen ƙin cin abinci kuma ki ce mata mai jinya sai ya ci yake iya jinya, wanda bai ci ba ba zai leƙa roba ba, zakiga ta ɗau cokali. Ki bata aikin da babu taɓawa a ciki, ita zata yanka kokwamba, ita zata tsare ƙofa kar mage ta shiga. In ya mutu a ƙulle shi a leda biyu, in tana so a tona rami a gindin dutsen a rufe tana kallo daga gefe, ba wanka ba sallah, ki bayyana mata wannan na mutane ne. Sannan ki koya mata na gaba, in mage ta sake kamawa ba'a sa hannu, babba ake kira.

In kuma Allah ya yi da sauran kwanansa, kwana 3 suka wuce yana ci yana gudu a cikin robar ko da ɗingishi ne, toh ranar zai bar gidan. Ba'a kiwon ɓeran daji, ba ya sabo, kuma ga jariri na tafe. Tunda na dutse ne a mayar da shi dutse, nesa da gidajen mutane, bayan magariba in gari ya yi sanyi dan da dare suke fita, a kwantar da robar kusa da wani tsagin dutse a zuba ɗan gero a ja baya. Kar a sake shi a bayan gidan maƙwabci ko kusa da baƙala (kantin unguwa), cire cuta daga gidanka ka kai gidan wani ba tausayi bane, wannan ma yana cikin Arba'una, hadisi na 32, ba cuta ba cutarwa.

Magen kuma a daina hararar ta, na san yanzu 'yarki ta ɗauke ta maƙiyiya. Bata yi laifi ba, mage ko ta ƙoshi sai ta yi farauta, wasan da take yi da shi ma gajiyar da shi take yi kar ya cije ta. Yakushin kuma an ƙwace mata abu a baki ne. Kar a daketa kar a kulle ta babu abinci, kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage. Abun da ya kamata a lura da shi daban ne, ɓeran da ya ci guba shi ya fi saurin kamuwa dan jikinsa ya mutu, in maƙwabta na zuba maganin ɓera kuma magen na cinye abun da ta kama, gubar na iya taruwa a jikinta, kuma irin mai tsinka jinin nan sai bayan kwana 3 zuwa 5 take nunawa. In kika ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, ko jini a kashi ko hanci, a kaita likita da gaggawa, akwai makarinsa, bitamin K1. Kar a bata Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. A nemo mata maganin tsutsar ciki da na ƙuma tunda mafarauciya ce. Ke kuma har ki haihu ba ke ba kwashe kashinta, magen da ke cin ɓera ita ce ke ɗaukar cutar toksoplasma mai illa ga ciki, wani ya dinga kwashewa kullum, dan ƙwayar sai kashin ya kwana 1 zuwa 5 take zama mai kama mutum. Ba sai an kori magen ba, shafa ta ba matsala in kin wanke hannu.

Tunda daga saman bene ta sauko da shi ƙila a waje ta kamo shi, amma duk da haka a duba gidan, unguwannin da ke jikin dutse da waɗanda rusau ya taɓa kusa da su ɓeraye kan yi ta ƙaura suna neman wajen zama. In ɓera da sata daddawa ma da wari, mu kuma gidajenmu Allah ya yi mu da ajiya, buhun shinkafa a ƙasa, geron da aka aiko daga gida, kuka, kuɓewa busasshiya, ƙuli-ƙuli, duk a leda a ƙarƙashin gado. A juye su cikin robobi masu murfi. A leƙa bayan firij da ƙarƙashin sink ko akwai baƙin kashi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ramin da biro zai shiga ƙaramin ɓera ma zai shiga, dan haka a bi inda bututun ruwa da na mukayyif suka huda bango a cusa soson ƙarfe a shafe da siminti, ƙasan ƙofa a sa mata roba. Ɓeran gida cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, 'ya'yan kuma cikin wata 2 sun fara nasu, shi yasa ba'a jira. In an ga alama a sa tarkon ƙarfe mai kashewa nan take a inda yara da mage basa kaiwa, banda gam, banda guba a gidan da ke da yara, musamman wannan ƙwayar da ke fitar da iska mai guba da wasu ke sayarwa a ɓoye, ta kashe yara a ƙasar nan har a gidan maƙwabtan wanda ya saka. In abun daga bola ko kangon unguwa yake zuwa ku kira baladiyya, wato hukumar birni, a 940 ku shigar da ƙorafi, ku haɗu da maƙwabta kowa ya kira dan a fi saurin zuwa.